Malamin Da Ba Ya Ji

A Montevideo, hawa na uku, a layin da ke gangarawa teku,
Ofelia Bentancor ta dawo daga wankin asibiti,
hannu na warin sabulu, ƙafa a kumbure.
Ta ɗora ruwan zafi, ta jingina waya da gwangwanin sukari,
ta jawo bandoniyan ɗin yayanta daga ƙarƙashin gado.

Shekara tara ke nan da rasuwar Aníbal.
Abin da ya bari: riga biyu, bashin mai kanti,
da wannan baƙin akwati mai huhu,
mai numfashi kamar zugazugin maƙeri,
maɓalli saba'in da ɗaya,
babu guda da ke inda hankali zai neme shi.

Ta taɓa zuwa makarantar kiɗa ta yi tambaya.
Kuɗin awa ɗaya ya kai cefanen mako.
Ta yi godiya, ta sauko, ta hau bas.
Jikarta ce ta tono mata wani a intanet:
darasi arba'in, a kuɗin nama kilo biyu.
Ta ce, araha ba ta ado.
Ta biya duk da haka.

Malamin saurayi ne, a kicin yake zaune,
ga firji a bayansa, ga kyanwa na giftawa.
Haƙurinsa irin na wanda ba ya nan.
Ta mayar da shi baya sau talatin, bai ɓata rai ba.
Ta tsayar da shi baki buɗe, ta je ta sauke tukunya,
ta dawo ta same shi yana jira.
Wane malami zai yi maka haka a kuɗin nama?

Sai dai a minti na shida
yakan ɗago kai ya ce, "Madalla, haka nake so."
Ran da ta yi daidai, ya ce madalla.
Ran da yatsa ya zame, akwatin ya yi kukan jaki,
ya ce madalla.
Ran da ba ta taɓa komai ba,
tana zaune da akwatin a cinya, hawaye na zuba,
ya ɗago, ya dube ta, ya ce haka yake so.

Wata huɗu tana yawo da kuskure ɗaya
kamar ƙaya a tafin ƙafa:
tana gaggawa a gaɓa ta uku, ba mai gaya mata.
Sai wani dare bango ya yi magana.
Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.
Ta zaci ƙorafi ne, ta rufe huhun akwatin.
Bugun bai tsaya ba. Ta kasa kunne.
Ashe ba faɗa ba ne, ƙidaya ce.
Tsoho Wilmar na ɗakin kusa,
da ya shekara talatin yana rawar tango
kafin gwiwa ta ci amanarsa,
shi ke auna mata lokaci da gindin sanda.

Yanzu malamanta biyu.
Ɗaya ya san inda kowane yatsa zai sauka, kunne ne babu.
Wilmar kuwa bai san sunan maɓalli ko guda ba,
amma in ta yi sauri, bango zai tsawata.
Ba su taɓa ta da zancen ba.
A matakala sai gaisuwa, sai maganar ruwan sama.

Ta kai darasi na sha tara. Na ashirin ya gagare ta tukuna.
Jikarta ta ce, "Kaka, kwalliya ta biya kuɗin sabulu?"
Ta dubi hannayenta da sabulu ya cinye, ta yi dariya.
"Ban zama makaɗiya ba," in ji ta,
"ba kuma zan zama ba.
Amma jiya na ja wani dogon sauti bai karye ba,
iskar da ta fito daga ciki
warin tabar Aníbal take yi."

Ruwan zafin ya huce.
Ta danna waya, saurayin ya gyara zama,
kyanwar ta sake giftawa inda ta gifta jiya.
Ofelia ta buɗe huhun akwatin,
ta jira bango.